Salaga, Kasuwar Gwanja

Goro ba ya yi a ƙasar Gwanja. Wanda ya tashi a Kano ko Sakkwato yana jin tsofaffi na zancen fataken Gwanja da goron Gwanja zai ɗauka can gonakinsa suke, amma ko kusa. Bishiyar goro 'yar kurmi ce, tana son inuwa da laima, kuma kurmin da ke ba da irin goron da Hausawa suka fi so yana kudu, a ƙasar Asante. Abin da Gwanja take da shi kasuwa ce, sunan kasuwar kuwa Salaga, ko Salga a bakin mutanen da. Yau gari ne madaidaici a arewacin Ghana, mai mutane kimanin 25,000 a ƙidayar 2010, kuma matafiyi zai tashi daga Kumasi ya isa Tamale bai bi ta kansa ba. Shekara 150 da suka wuce, da wuya a sami mai fatauci tsakanin Tafkin Chadi da kogin Volta da bai san sunansa ba.

Garin yana zaune a fili, kimanin kilomita 120 kudu maso gabas da Tamale, kogin Daka na gabas da shi, Volta kuma ta kewayo ta yamma da kudu. Daji ne irin wanda idon Bahaushe ya saba da shi: kaɗanya, ɗorawa, kuka, da dogayen ciyayi da ake cinna wa wuta da rani. Damina ɗaya ce a shekara, hunturu na zuwa da hazonsa, ƙasar kuma tana yin doya sosai. Amma ba noma ne ya kafa garin ba. Nan kusa ne iyakar jaki. Daga an ƙetare Volta an nausa kudu, ƙudan tsando ke mulki, jaki da doki da takarkari ba sa daɗewa a raye. Mutanen kurmi a ka suke ɗauko kayansu, mutanen arewa kuwa a bayan dabba. Dole a sami wurin da mai gammo zai sauke, mai mangala ya ɗora, kuma Salaga ta faɗo daidai kan wannan gaɓa.

Abin da wurin ya rasa shi ne ruwa. Babu babban kogi a bakin gari, dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar kuma ba ya riƙe ruwa da kyau. Saboda haka aka yi ta haƙa rijiyoyi cikin dutse, masu ƙaramin baki da faffaɗan ciki, waɗanda yawancinsu ruwan sama suke tarawa a ajiye wa rani. Sun yi yawan da har ake yi wa Salaga kirari da garin rijiya dubu. Heinrich Barth, wanda bai taɓa taka garin ba, ya ji labarin ƙarancin ruwansa tun daga bakin fatake a shekarun 1850. Bafaranshen nan Binger da ya sauka a can a 1888 ya koka da ƙazanta da rashin kyan ruwa. Ruwa da itacen girki sayensu ake yi, kurkunu kuma ya addabi mutane. A ce wuri irin wannan ya ɗauki dubban baƙi da dabbobinsu a tsakiyar rani, lokacin da ruwa ya fi wuya, ya isa ya nuna ƙarfin ribar da ke jawo su.

Hanyar Gwanja ta girmi Salaga. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. Ita kanta daular Gwanja mahaya dawaki ne daga ƙasar Mande suka kafa ta a ƙarni na 16, kuma sunan da Gwanjawa suka fi riƙewa cikin magabatansu shi ne Ndewura Jakpa. Kasuwannin farko na wannan ciniki su ne Buipe da Kafaba, a bakin kogi. Salaga ta fara ne a matsayin zangon baƙi kusa da Kpembe, mazaunin sarkin gabashin Gwanja, wanda ake kira Kpembewura. Tsakaninsu tafiyar ƙafa ce 'yar kaɗan. Wannan tsari na gari biyu, ɗaya na sarauta ɗaya na ciniki, ya zauna har yau: masu ƙasa suna Kpembe, masu kuɗi da malamai suna Salaga.

Abubuwa uku suka haɗu suka ɗaga zangon ya zarce uwar garinsa. A shekarun 1740 Asantehene, wato sarkin Asante, Opoku Ware, ya ci gabashin Gwanja da yaƙi, ƙasar ta koma biyan gandu ga Kumasi, fadar Asante. A 1804 jihadin Shehu Usmanu ya tashi, aka sami daula mai faɗi da yawan jama'a wadda ta hana giya amma ba ta hana goro ba, sai goro ya zama abin baiko da suna da gaisuwar sarki da sadakar malam, buƙatarsa ta ninka. A 1807 kuma Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi ta teku, Asante ta ga ƙofar kudu tana tsukewa, sai ta ƙara juyowa arewa da goronta. Sarakunan Kumasi ba su so baƙin fatake su riƙa shiga kurmi suna saye daga tushe. Suka tsayar da su a Salaga, suka sa wakilansu a garin, suka kafa masu tsaron hanya. Da kakar goro ta zo, 'yan kasuwar sarki ne ke fara kai nasu su sayar da tsada, sannan a buɗe hanya ga sauran jama'a. Girman Salaga, ke nan, hukuncin fada ne, kuma fadar ba ta Gwanja ba ce.

Daga Kano zuwa can ya haura kilomita 1,000 ko da a miƙe ne, ayari kuwa ba ya tafiya a miƙe. Akan bi ta Sakkwato ko Jega, a yi fito a Kwara wajen Yawuri ko Illo, a ratsa Bargu ta Nikki da Djougou, a ɓullo Yendi ta ƙasar Dagomba, sannan a gangara Salaga. Wata hanyar takan bi ta Gurma da Sansanne Mango. Zuwa kaɗai kan ci wata biyu zuwa uku, zuwa da dawowa kuma wani lokaci shekara guda. Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama a 1826 yana komowa daga Gwanja, mutum fiye da 1,000, maza da mata, da dabbobi kusan yawansu. Madugu ne uban tafiya, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki na kula da biyan kuɗin hanya ga kowane sarkin da aka ratsa ƙasarsa, akwai kuma malamin ayari mai duba ranar tashi da riƙe lissafi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara a wannan fatauci. Suna tafe da kanwa, da turkuɗi da sauran tufafin Kano, da jan fata da takalma, da gabu, da dawaki da shanu, da duwatsun ado. Suna tafe da mutane kuma, na sayarwa.

Wanda bai taɓa kiwon goro ba ba zai gane wahalar komowa ba. Goro rai gare shi. In ya sha iska ya bushe, in ya jiƙe ya ruɓe, in sankara ta shiga ɗaya ta bi sauran. A Salaga dillali zai zauna gaban tulin da 'yan Asante suka sauke, kowane kaya ɗaya kusan ƙwarya 20, a ƙirga, a ware manya daga ƙanana, fari daga ja. Sai a shimfiɗa ɗanyen ganye a jera goron a naɗe huhu, a ɗaure tam, a ɗora wa jaki. Bayan 'yan kwanaki a hanya dole a kwance, a baje a inuwa, a bi shi ɗaya ɗaya da hannu ana tsince wanda ya taɓu, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a mayar. Haka za a yi ta yi har Kano. Shi ya sa goron da aka saya da wuri kaɗan a Salaga yake isa kasuwar Kurmi da tsadar da sai mai hali.

Baƙo ba ya sauka a kasuwa, gidan maigida yake sauka. Shi zai ba shi ɗaki da wurin ɗaure dabba, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in an yi bashi, ya karɓi la'adarsa. Waɗannan masu masauki su ne ainihin attajiran garin, kuma yawancinsu baƙi ne da suka zaune: Hausawa, Wangarawa, Barebari, Nufawa, Yarabawa, Dagomba, Mosi. Kowane iri da unguwarsa da masallacinsa, harshen da ya haɗa su a ciniki kuwa Hausa. Yawan mutanen garin bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Da damina ya sake, da rani in ayarori sun haɗu ya cika ya batse. Ƙiyasin da aka fi ambata na lokacin ganiyarsa, kafin 1874, shi ne mutum 40,000 zuwa 50,000.

Cikin wannan adadi akwai waɗanda ba da ƙafar son ransu suka zo ba, kuma a nan ne labarin da muke bayarwa a gida yake da giɓi. Mun riƙe sunayen madugai, mun riƙe kirarin fatake, amma ba mu cika faɗin cewa Salaga na cikin manyan kasuwannin bayi na Afirka ta Yamma ba. Asante na karɓar gandun mutane daga Gwanja da Dagomba kowace shekara. Ayarin Hausa da na Mosi na kawo nasu su musanya da goro. Daga shekarun 1860 mayaƙan Zabarma, ƙarƙashin Alfa Hano, sannan Gazari, sannan Babatu, suka yi ta kai hari ƙasar Gurunsi, ƙauyuka suka watse, kasuwar Salaga ta cika da mutanensu. A fili ake zaunar da su cikin rana, a ɗaure da mari ko igiya, jeri jeri. Su ne masu haƙa rijiyoyin nan, su ne masu ɗebo ruwan da ake sayarwa, su ne masu noma gandayen da ke ciyar da ayari. Akwai wuri a gefen garin da har yau sunansa Wankan Bayi, inda ake wanke su a shafa musu man kaɗe kafin a kai su gaban mai saye. Akwai wani kuma Rafin Angulu, inda ake yar da waɗanda suka mutu. Da Hausa aka raɗa waɗannan sunaye, ba da Gwanjanci ko Asante ba. A ganina duk Bahaushen da ke alfahari da cewa harshensa ne harshen kasuwar Salaga, kuma yana da hujjar yin alfaharin, wajibi ne ya karɓi wannan ɓangaren ma a matsayin nasa.

Faɗuwar ta fara ne daga inda girman ya fito. A farkon 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Da labari ya iso arewa, gabashin Gwanja ya yi tawaye, aka karkashe 'yan Asante da ke Salaga. An huce haushin shekara 130, amma masu goron ke nan aka kashe. Kumasi ta mayar da martani da toshe hanya, ta karkatar da goronta zuwa Kintampo, ƙasashen da ke tsakani kamar Atebubu da Krachi su ma suka shiga tare hanya don su ci nasu rabon. David Asante da Theophil Opoku, limaman mishan na Basel 'yan ƙasar Gold Coast, wato Ghana ta yau, da suka ziyarci Salaga a 1877, sun tarar da kasuwa na ci, amma gidaje da yawa sun zama kango. Garin ya ci gaba da rayuwa da cinikin shanu da gishiri da bayi, goro kuwa sai abin da ya sulalo.

Abin da ya ƙarasa shi rikicin gida ne. Sarautar Kpembe tana zagayawa ne tsakanin gidaje uku, Lepo da Singbung da Kanyase, kuma mutanen Kanyase sun daɗe suna ganin an danne musu haƙƙi. A ƙarshen 1892 Kabachewura Isifa, sarkin Kabache na gidan Kanyase, ya nemo taimakon Dagomba da Nanumba, ya auka wa Kpembewura Napo. Napo ya gudu, aka washe Salaga, baƙin da suka yi shekara da shekaru suna tara dukiya suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Faɗan ba nasu ba ne, ba su da gado a sarautar da ake yi dominta, amma su ne suka fi asara. J. A. Braimah, wanda shi ma ya riƙe sarautar Kabache daga baya, ya rubuta tarihin wannan yaƙi tare da Jack Goody a littafin da ya fito a 1967.

Cikin waɗanda suka fita akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano a wajen 1858, wanda ya yi karatu a ƙasar Sakkwato da Kabi, ya biyo hanyar fatauci ya zauna a Salaga yana koyarwa. A can ya san Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, da Hausawa ke kira Malam Musa. Bayan yaƙin ya koma Kete-Krachi, ya zama limami, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa, har da na yaƙin Salaga da na zuwan Nasara, ya kuma rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayanai masu yawa kan tarihi da al'adun Hausa. A can ya rasu a 1934. Tafiyarsa ita ce tafiyar garin gaba ɗaya. Mutanen Salaga suka bazu Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Atebubu, daga baya Kumasi da Accra, inda har yau akwai kasuwa mai suna Salaga a tsohon gari. Duk inda suka sauka sun kafa zango irin wanda suka baro, da sarkin zango da limami da makarantar allo. Wanda ya shiga zangon Kumasi ko Nima ta Accra a yau ya ji Hausa a bakin Dagomba da Mosi da Kotokoli, yana jin wani abu ne da aka fara gwadawa a Salaga.

Turawa sun yi ta ja-in-ja a kan gari da ya riga ya zube. A 1888 Ingila da Jamus suka amince yankin Salaga da Yendi ya zauna ba na kowa ba, amma kowace ta ci gaba da aika mutanenta da tuta da takardar yarjejeniya. George Ekem Ferguson ne ya yi wa Ingila wannan aiki. A tsakiyar shekarun 1890 wani hafsan Jamus ya sa wa abin da ya rage na garin wuta, Jamusawa kuma suka yi ta jan fatake zuwa Kete-Krachi da ke hannunsu. A 1899 aka raba: Salaga ga Ingila, Yendi ga Jamus, kogin Daka ya zama iyaka. Ingilishi sun lallashi wasu suka komo, suka kafa ofishin gunduma, amma a 1907 Tamale suka zaɓa ta zama hedikwatar Arewa.

Ko da ba a yi yaƙi ba, zamanin ayari ya zo ƙarshe. Jirgin ruwa na ɗaukar goro daga gaɓar Gold Coast zuwa Legas cikin kwanaki, kuma daga 1912 jirgin ƙasa na kai shi Kano. Alhassan Ɗantata, ɗan gidan Agalawa da mahaifinsa madugu ne, yana cikin waɗanda suka fara gane haka suka koma hanyar teku. Daga baya manoman ƙasar Yarabawa, a wajen Agege da Shagamu, suka dasa irin goron Asante a gonakinsu, Najeriya ta koma ciyar da kanta. Ba wanda zai sake yin wata uku a bayan jaki.

Duk da haka Salaga ta sami wani numfashi. Hanyar mota ta farko daga Kumasi zuwa Tamale ta bi ta Atebubu da Yeji, a yi fito a Volta, a hau ta Salaga. Manyan motoci na tsayawa, garken shanu daga arewa na ratsawa zuwa mahautan Kumasi, masu abinci da masu masauki suka sake samun na kansu. Sai aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965. Tafkin Volta ya haɗiye tsohon Kete-Krachi, ya mayar da ɗan fiton Yeji doguwar tafiya a ruwa zuwa Makango da ke ɓangaren Salaga, ana jiran jirgin fito sa'o'i. Babbar hanya ta koma yamma, ta Techiman da Kintampo da Buipe, wannan Buipen da Salaga ta taɓa ƙwace wa ciniki. Wutar lantarkin da madatsar ta bayar kudu ce ta fara mora, Salaga kuwa aka bar ta a lungu tsakanin tafki da hanya marar kyau. Rikicin Gwanjawa da Nawuri a 1991 da 1992, da babban yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da maƙwabtansu, sun ƙara taɓa yankin, kuma tushensu tsohuwar tambaya ce da ba a amsa ba tun zamanin Jakpa: wa ke da ƙasa, wa ke da sarauta, wa ke zaman baƙo.

Yau Salaga ce hedikwatar ƙaramar hukumar Gwanja ta Gabas, a cikin yankin Savannah da aka yanke daga yankin Arewa a 2019, mai hedikwata a Damongo, inda Yagbongwura, babban sarkin Gwanja, yake zaune. Kpembewura na nan a Kpembe, ana bikin Damba duk shekara. Akwai asibiti, da makarantun sakandare, da kwalejin koyon jinya da ungozoma a Kpembe. Ranar kasuwa doya ce ke sarauta, Konkomba da Gwanjawa na kawo ta ana lodin motoci zuwa Kumasi da Accra, ga masara da gyaɗa da man kaɗe, ga busasshen kifi daga masuntan bakin tafki, ga shanun Fulani. Mafi yawan mutanen gari Musulmi ne, Hausa da Gwanjanci ake ji a titi, kuma akwai gidaje da za su gaya maka kakansu daga Katsina ko Kano ko Barno ya zo, ko da ba wanda ya taɓa zuwa can a cikinsu. Akwai kuma gidajen da kakanninsu a ɗaure suka iso, suka zauna, suka auri juna da iyayen gidansu, wannan kuwa ba zancen da ake yi da baƙo ba ne.

A 'yan shekarun nan hukumar yawon buɗe ido ta Ghana ta gyara filin tsohuwar kasuwar bayi da wasu daga cikin rijiyoyin, kuma baƙaƙen fata daga Amurka da Karibiyan na zuwa su ga inda aka bi da kakanninsu kafin a kai su gaɓar teku. Daga Najeriya da Nijar kuwa ba a cika zuwa ba, alhali a ɗakunan ajiya na Jami'ar Ghana da ke Legon akwai tarin rubuce-rubucen ajami da na Larabci da aka tattaro daga malaman Salaga da Kete-Krachi a shekarun 1960, wasiƙu da waƙoƙi da tarihin gidaje, da yawansu cikin Hausar da ɗalibin Kano ko Zariya ko Damagaram zai karanta ba tare da tafinta ba.